Ƙasar da Ake Tankaɗa wa Dusar Ƙanƙara da Rariya

Hamburg babban birni ne na arewacin ƙasar Jamus, yana bakin wani kogi da ake kira Elbe. Ko da yake tsakaninsa da teku akwai wajen kilomita 100, kogin yana da zurfin da manyan jiragen ruwa ke haurowa har cikin gari, shi ya sa tashar jiragen ruwansa ta fi kowace girma a ƙasar. Kusa da tashar akwai wata tsohuwar unguwa wadda babu kome cikinta sai manyan sito-sito na jan bulo, dogayen benaye, sun yi jeri a bakin hanyoyin ruwa da aka haƙa. An soma gina su a shekarar 1883, aka gama a 1927, an kuwa ɗora su bisa dubban turakun itace da aka kafa cikin laka. A nan ne fataken dā suke ajiye kofi da shayi da koko da kayan yaji da dardumomi. Suna kiran unguwar Speicherstadt, watau Birnin Rumbuna.

Cikin ɗaya daga cikin sito-siton nan akwai wani abin kallo da ke jawo mutum fiye da miliyan guda a shekara. Sunansa Miniatur Wunderland, ma'anarsa Ƙaramar Ƙasar Al'ajabi. Jiragen ƙasa ne na wasa, 'yan ƙanana, suna tafiya da lantarki a kan 'yar siririyar hanyar dogo, suna ratsa garuruwa da gonaki da duwatsu waɗanda aka yi da hannu. Kada mai karatu ya ji an ce na wasa ya ɗauka aikin yara ne. Magidanta ne da mata masu sana'a suke yinsa, da shi suke ci da iyalinsu.

Waɗansu tagwaye ne suka kafa wurin, Frederik Braun da Gerrit Braun, tare da abokinsu Stephan Hertz. Da a ƙasarmu aka haife su, da Hasan da Husaini ke nan. A shekarar 2000 Frederik ya shiga wani kanti a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan inda ake sayar da irin jiragen nan, sai abin da yake so tun yana yaro ya dawo masa. Ya buga wa ɗan'uwansa waya ya ce su gina wanda ya fi kowane girma a duniya. Suka ci bashin banki, suka kama aiki a ƙarshen shekarar, suka buɗe ƙofa cikin watan Agusta na 2001. Tun daga ran nan ba a daina ƙari ba. A shekarar 2019 an auna tsawon dogon aka sami mita 15,715, an kuma ƙara bayan haka.

Kafin mu shiga, sai mu san ma'aunin da suke aiki da shi, gama in ba a gane shi ba, ba za a gane wahalar aikin ba. Kowane abu an rage shi sau 87. Mutum mai matsakaicin tsawo ya koma santimita 2, bai kai gaɓa guda ta babban yatsa ba. Tsakanin ƙarafan dogo biyu milimita 16.5 ne kawai. In kuwa aka mai da dogon nan na 2019 girmansa na ainihi, zai wuce kilomita 1,300, ya fi nisan Ikko zuwa Kano a jirgi. Sai dai fa akwai inda suke ɗan yin wayo. Dutsen Matterhorn na Suwizalan tsawonsa mita 4,478 ne daga bisa teku. Da an bi ƙa'ida sosai, da ɗan ƙaraminsa ya wuce mita 50, da ya huda rufin sito ya fita. Nasu bai wuce wajen mita 6 ba, duk da haka sai da aka fasa daɓen bene aka ba shi hanya.

Baƙo yakan shiga daga wannan ɗaki zuwa wancan, kamar mai ƙetare iyakar ƙasa ba fasfo. Ga tsakiyar Jamus, ga duwatsun Ostiriya, ga Hamburg kanta, ga Amurka, ga Italiya. Akwai wani gari da babu shi a taswira, sun ƙaga shi suka sa masa suna Knuffingen, inda motoci ke bin titi da kansu, suna tsayawa in jar fitila ta kama, motocin kashe gobara kuwa suna fita da jiniya. Akwai filin jirgin sama da aka buɗe a 2011, inda jirage ke tashi suna sauka. Kowane minti 15 akan yi yini guda da dare guda: fitilun ɗakin su yi ja kamar almuru, su dushe, sa'an nan dubban 'yan fitilu su kama cikin gidaje da tituna. Duk waɗannan sun isa a ba da labarinsu, amma ni inda ƙafata ta tsaya shi ne sashen ƙasashen arewa, watau Danmak da Norwe da Suwidin da Finlan, wanda aka buɗe a 2005. A farkonsa akwai teku na ruwan gaske, lita 30,000, da jiragen ruwa a kai. In ka bi shi har ƙurya, sai kore ya ƙare, kome ya koma fari fat.

Yawancinmu mun san ƙanƙara, wadda takan zubo da hadari kamar tsakuwa, ta kakkarya dawa, ta fasa kwanon rufi da ƙara. Dusar ƙanƙara dabam take. Ba ta da nauyi, ba ta da ƙara. Tana saukowa a hankali kamar audugar rimi, ta kwanta bisa kome. Kowane ɗigonta in an duba da madubin ƙara girma yana da kusurwa shida, shi kansa kuwa garau yake kamar gilashi. Taruwarsu ce ke watsa haske ta ko'ina har ido ya ga fari. Sabuwar zuba yawancinta iska ce: in ka cika bokiti goma ka narkar, da ƙyar ka sami bokiti guda na ruwa.

Farar ƙasar da ke ƙuryar ɗakin nan tana kwaikwayon Kiruna ne, wani gari na can arewacin Suwidin. Garin yana da nisa zuwa arewa har a tsakiyar hunturu akan yi wajen mako uku rana ba ta leƙo ba ko sau ɗaya, sanyi kuma yakan kai digiri 30 ƙasa da sifiri. Abin da ya kai mutane wurin tama ce. Ƙarƙashin dutsen garin akwai ɗaya daga cikin manyan ramukan haƙar tama na duniya. Amma tama ba ta da amfani sai an kai ta bakin teku, tekun Suwidin na wajen nan kuwa daskarewa yake yi da hunturu. Saboda haka aka ja dogo aka ƙetare duwatsu zuwa Narvik a ƙasar Norwe, inda ruwan ɗumi da ke malalowa cikin teku daga kudu yake hana tashar daskarewa. An gama hanyar a 1902. Jiragen tama na can sukan ja tarago 68, kowane da tan 100 na kaya, cikin duhu da iska da ƙanƙara. Haƙar ma ta ci ƙarƙashin garin har ƙasa ta soma tsagewa, dole aka shiga kwashe garin ana matsar da shi gabas. Cikin watan Agusta na 2025 aka ɗauki majami'ar garin ta katako sukutum, wadda aka gina a 1912, aka ɗora ta bisa manyan motoci, aka yi kwana biyu ana tafiya da ita kilomita 5. Wanda ya gina Kiruna a kan tebur shekara ashirin da suka wuce, yau taswira ta bar shi baya.

To, yaya ake sa ƙanƙara ta zuba cikin ɗaki, ta kuma shekara ashirin ba ta narke ba?

Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ce abu mai sauƙi ne, a sami farin gari a barbaɗa. Masu wannan aiki a Jamus da Ingila da Amurka sun gwada duk abin da ke cikin madafa, kowane kuwa ya nuna halinsa. Garin alkama yana da kyau ran farko, amma abinci ne, ƙwari da ɓeraye ba su san wasa ba, bayan 'yan watanni kuma yakan koma ruwan ƙwai. Sukari ya kira tururuwa. Gishiri yana jawo laima, laima kuwa da gishiri su ne iyayen tsatsa, sai su cinye dogo da wayoyi. Ban da haka ma gishiri ya yi girma. Ƙwayar da ba ta wuce rabin milimita ba, in ka riɓanya ta sau 87, ta zama kamar lemun tsami. Ga ɗan mutumin nan mai santimita 2, ba dusa ce ta zubo masa ba, jifa ne. Akwai masu amfani da farar sodar toye-toye, 'yar'uwar kanwa, domin tana da laushi da arha, amma da yawa suna kukan takan sake launi in ta daɗe. Saboda haka kamfanonin da ke yin kayan wannan sana'a, irin su Noch da Busch na Jamus da Woodland Scenics na Amurka, suna sayar da garin ƙanƙara na musamman wanda ƙwaro ba ya ci, da wani mai kauri kamar kunu da ake shafawa da 'yar wuƙa. Waɗansu suna sa garin farin dutse. Waɗansu kuma sukan ƙara ɗan garin gilashi domin ƙyalli, sai dai shi wannan ana taka-tsantsan da shi ƙwarai, gama ba ya jituwa da ido ko huhu, balle cikin inji.

Aikin kansa daga ƙasa yake farawa. Da fari akan yi siffar tudu da kwari da ragar waya ko da farin soson nan mai tauri da ake tallabe rediyo da shi cikin kwali. A lulluɓe da filasta irin ta ɗorin asibiti, a lailaye ta. Dusar ƙanƙara mai zurfi ba ta barin kaifi, duk inda akwai kusurwa takan mai da shi kamar bayan ƙwarya, saboda haka zurfin da filasta ake yinsa, ba da tulin gari ba. Sa'an nan a shafa farin fenti. Sai a dama farin gam na kafintoci da ruwa, a ɗiga masa ɗigon sabulun wanke-wanke domin ya ratsa, a shafa ko a fesa. Tun bai bushe ba sai a ɗauki 'yar rariya irin ta tace shayi, a ɗaga ta sama, a riƙa bugun gefenta da yatsa. Kowace uwargida da ta taɓa tankaɗe ta san hannun. Dalilin ɗaga rariya sama shi ne domin garin ya sauko yadda na gaske ke saukowa: ya kwanta bisa rufi da kan katanga da saman reshe, ya bar ƙarƙashin gada da gindin bango da inuwar tarago. In ya bushe a zuƙe abin da bai kama ba, a sake wani zubi. Sau uku kaɗan-kaɗan ya fi sau ɗaya mai yawa.

Nawa za a zuba? Nan ma lissafi ne. Ƙanƙarar da ta kai mutum ƙauri, a ce santimita 30, a kan tebur ba ta kai milimita 4 ba. Wadda ta kai mita guda, har a rufe makarantu, santimita guda ce da 'yan kai. Sabon shiga yakan zuba har ya binne ƙofofin gidaje, yana murna, bai san ya kashe mutanen garin da yunwa ba.

Amma duk wannan kowa zai iya koyo cikin mako guda. Abin da ya raba gwani da ɗan koyo shi ne sanin inda ƙanƙara ba ta zama. Ku tuna da ƙurar hunturunmu in ta kwana tana sauka. Da safe in ka duba tsakar gida, za ka san inda kaza ta bi, da inda aka ɗauke tukunya, da gefen da iska ta fito. Dusar ƙanƙara ma haka take ba da labari, har ta fi. Iska takan share ta daga kan tudu ta tara ta a bayan katanga. Rufin gidan da ake hura wuta a ciki yakan narke a kewayen bututun hayaƙi, rufin rumbun da ba kowa kuwa yana nan da farin rawaninsa. Gangaren da ke fuskantar kudu, inda ranar ƙasashen nan take, shi ke fara tonuwa. Tukunyar jirgi mai aiki da gawayi ba ta riƙe ko ƙyas, amma taragon da ya kwana uku a tasha ya yi fari har tagogi. Titin da motoci ke bi baƙi ne a sawun taya, a gefensa kuwa ga tulin da aka ture, ya yi launin toka da laka. Daga ƙofar kowane gida mai mutane dole a ga sawu ya fita. Gidan da babu sawu a ƙofarsa, ko ba kowa, ko kuwa ba lafiya.

Ko farin ma ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya tsaya cikin filin ƙanƙara da rana ya duba inuwar itace zai ga shuɗiya ce, ba baƙa ba, domin hasken da ke isa wurin daga shuɗin sama yake zuwa. Shi ya sa gwanaye sukan ɗiga ɗan shuɗi cikin fentinsu, kamar yadda mai wanki ke sa wa farar riga bula. In an bar fari tsantsa, ido yakan ce filasta ce. In an sa bula kaɗan, sai ka ji kamar sanyi ya taɓa ka.

Itatuwa kashi biyu ne. Akwai masu ganye kamar allura, waɗanda ba su kaɗewa, su akan fesa musu gam daga sama a tankaɗa musu gari, ƙarƙashin rassan ya zauna kore mai duhu. Akwai kuma masu zubar da ganye, su ne masu cin rai. Da damina mai gini yana iya ɓoye kasalarsa cikin ganye, ya manna dunƙulen koren soso a kan tsinke ya ce itace ne. Da hunturu babu mafaka. Sai ya murɗa siraran wayoyi, ya rarraba su reshe reshe har su yi kamar jijiyoyin ganye, itace ɗaya yakan ci masa maraice guda. Tsinkayen ƙanƙara da ke rataye a bakin rufi kuwa, da zaren fatsa ake yinsu ko da 'yan yankan roba mai haske, a tsoma cikin gam mai bushewa garau. Tafkin da ya daskare akan yi masa gindi mai duhu, a rufe da gilashi ko ruwan roba mai sandarewa, a kakkarce shi da allura inda yara suka yi sulu, a bar ƙanƙara a gefe-gefe.

Sai babbar magana, watau dogon kansa. 'Yan jiragen nan ba su ɗauke da batir. Wutar tana bin ƙarfen dogo ne, ta shiga ta ƙafafun jirgi ta kai ga inji. Wuta ce kaɗan, ba ta yi wa yaro lahani, amma saboda ƙanƙantarta ɗan gam ko fenti da bai kai kaurin takarda ba ya isa ya tsai da jirgi cik. Jiragen kamfanin Märklin ma suna da ƙarin wahala, gama nasu suna shan wuta daga waɗansu 'yan ƙusoshi da ke jere a tsakiyar dogo, daidai inda mai gini yake so ya zuba fari. Saboda haka kafin a soma tankaɗe akan rufe kan ƙarfe da siririn tef. Ta cikin kowane ƙarfe kuma dole a bar 'yar kwari inda leɓen ƙafar jirgi zai bi, in ba haka ba jirgi ya hau tudu ya kife. Mararrabar da ake karkatar da jirgi daga wannan layi zuwa wancan ba a kusantarta da gam ko kaɗan. Garin da bai kama ba kuwa shi ne mugu: ƙafafu su kwashe shi, ya haɗu da man inji, ya zama kamar yashi a tsakanin haƙoran ƙarfe.

Abin da ya ba ni dariya shi ne, wannan ita ce wahalar ma'aikatan reluwe na gaske. Su ma mararraba ce ke fara daskare musu, har suna sa mata abin ɗumamawa na lantarki ko na gas. Su ma suna tura garma a gaban jirgi ta buɗe hanya. A kan hanyar Bernina ta Suwizalan, wadda ke hawa har mita 2,253, akwai wata na'ura mai aiki da tururi tun ta 1910, mai babbar farfela a goshi, tana yankan ƙanƙara tana watsa ta gefe. A Norwe, hanyar da ta haɗa Oslo da Bergen a 1909 tana bi ta tashar Finse, mita 1,222 bisa teku, an kuwa gina wa dogo rumfuna masu tsawo domin kada a binne shi. Mai ginin tebur da ya bar mararrabarsa baƙa a tsakiyar farin fili bai yi ha'inci ba, abin da ake gani a can ke nan.

Akwai abu biyu da ke sa mutane da yawa su ja da baya. Na fari, hunturun tebur ba shi da bazara. In ka shafa gam ka zuba fari bisa gonar da ka yi wata uku kana dasa mata ciyawa ɗaya ɗaya, ta tafi ke nan. Waɗansu sukan barbaɗa garin haka nan ba gam, su ɗauki hoto, su zuƙe shi, amma ba ya fita duka, kullum akwai saura a lungu. Masu dabara sukan keɓe kusurwa guda ko kan dutse su ba hunturu, su raba shi da sauran da rami ko gada. A ganina wannan ya fi, domin fari yana ƙara haske in akwai kore kusa da shi. Na biyu, ƙura. Kore da ruwan ƙasa suna haƙuri da ƙura, fari ba ya yi. A wurin da dubban mutane ke wucewa kowace rana da rigunan sanyi, aikin burushi mai laushi da na'urar zuƙe ƙura ba ya ƙarewa. Ƙanƙarar gaske rana ce ke kashe ta, ta tebur kuwa ƙura. Na yi tunanin wanda zai gwada wannan a Kano cikin watan Janairu, na tausaya masa. Sai dai ya sa a akwatin gilashi.

Me ya sa Jamusawa suke ƙaunar abin nan haka? Ya daɗe a gidajensu. Kamfanin Märklin an kafa shi a garin Göppingen a 1859, ya nuna jirginsa mai wani da dogon da ake harhaɗawa a kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891, a 1935 kuma ya fito da ƙaramin da zai zauna a kan tebur. Daga nan ya zama al'ada a gidaje da yawa, in Kirsimeti ta matso, uba ya sauko da akwati daga saman rufi, shi da 'ya'yansa su shimfiɗa dogo a falo, a kwashe bayan sabuwar shekara. Da yake lokacin sanyi ne, sai aka saba ganin jirgin cikin fari, ko da auduga ce aka yayyaga aka shimfiɗa. Iyaye mata sukan ce an sayo wa yaro ne, amma uban ne ke hana shi taɓawa.

Tsofaffin arewacin Jamus sun san hunturun da ba na wasa ba. A ƙarshen Disamba na 1978 iska da ƙanƙara suka rufe yankin, suka sake dawowa cikin Fabrairu na 1979. Jiragen ƙasa suka maƙale a hanya, ƙauyuka suka yanke daga duniya, wuta ta ɗauke, sai da aka fito da tankokin soja suka buɗe hanyoyi, an kuma yi hasarar rayuka. Amma duniya tana ɗumama, hunturun ƙasar yana ja da baya. A 2010 kusan dukan Jamus ta yi Kirsimeti cikin fari, shekara goma da suka biyo baya ba a sake ganin haka a ƙasar gaba ɗaya ba. Ran da na je, cikin tsakiyar hunturu, yayyafi ake yi a Hamburg, titi baƙi wuluk. Yaran da aka ɗaga bisa kafaɗa suna leƙen Kiruna, da yawansu sun fi ganin ƙanƙara mai zurfi a ɗakin nan da a ƙofar gidansu. Wannan ya ƙara wa masu rariya nauyi. Dā suna kwaikwayon abin da kowa ya sani ne, in sun yi kuskure maƙwabci ya gyara musu. Yanzu akwai masu kallo da za su ɗauki abin da suka gani a tebur su ce haka hunturu yake. A 2023 an buɗe wani sabon sashe a sito na ƙetaren ruwa, wanda ake shiga ta wata gada, aka yi ƙasar Patagoniya da Antatika mai duwatsun ƙanƙara a teku.

Wanda Allah ya kai shi Hamburg, ya sayi tikiti tun da wuri, gama layi yana da tsawo, musamman lokacin hutun makaranta. Ya ba wurin aƙalla awa uku. In ya isa ƙuryar arewa kada ya yi hanzari, ya jira dare ya same shi a can, ba zai wuce minti 15 ba. Fitilun ɗaki za su dushe, farin fili ya koma shuɗi, tagogin 'yan gidaje su yi ja ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan ya sunkuya har idonsa ya yi daidai da bakin tebur, inda idon ɗan mutumin nan mai santimita 2 yake, ya jira jirgin tama ya fito daga bayan dutse da fitilarsa.